Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana: daga tantin Ertugrul zuwa bakin Kusugu

Rubutun nan yana da tsawo, na faɗa tun da wuri. Mai sauri ya wuce, Allah Ya kiyaye hanya. Wanda kuma ya san a ƙasar Daura aka binne cibiyarsa, ko yake da ɗa ko ƙane da ke zaune a garin nan ba aikin yi, don Allah ya daure ya kai ƙarshe kafin ya zage ni. Kuma ra'ayina ne ni kaɗai, ba na ofis ba, kada wani ya ja min takardar tuhuma.

Makon jiya wani abokin aikina ya dawo daga tafiya. Ya yi Umara, Allah Ya karɓa, a hanyar dawowa kuma ya yada zango a Istanbul kwana huɗu. Ranar Litinin da ya shigo ofis, cikin minti biyar aka gama da maganar dabino da zamzam. Abin da ya cinye mana safiya shi ne hotunan da ke wayarsa. Ga Alhaji da hular gashi, ga rigar fata, ga takobi a hannu, ya hakimce cikin tantin shugaban ƙabilar Kayi. Ga shi a kan doki. Ga shi a bakin maƙera yana riƙe da guduma. Ashe wurin da aka ɗauki shirin Ertugrul da na ɗansa Usman ya je, a wani ƙauye da ake kira Riva, can gefen Istanbul ta ɓangaren Asiya. Ya biya kuɗin mota, ya biya tikitin shiga, ya biya hayar kayan da ya sa, ya biya mai hoto. Masinja da direba da oga duk sun yi masa rumfa, kowa na cewa, "Alhaji, tura min."

Sai na ce masa, "Alhaji, yaushe rabonka da Kusugu?"

Ya yi shiru, ya yi dariya, ya ce, "Kai Malam, ai tun muna firamare da aka kai mu."

Mutumin nan fa gidansu a cikin birni yake. Da ƙafa zai je rijiyar ya dawo shayinsa bai huce ba.

Na koma gida ina jin kaina gwani, wai na kunyata Alhaji. Bayan sallar isha'i na kira ɗana, ɗan shekara 11, na ce ya lissafa min jaruman Ertugrul. Ko numfashi bai ja ba: Turgut mai gatari, Bamsi mai takobi biyu, Dogan, Halima, Sulaiman Shah, har da mugu Noyan. Na ce madalla. To waye Bawo? Ya dube ni ya ce, "Baba, wane Bawo? Mai gyaran babur?"

Wallahi ban yi barcin kirki ba a daren. Kunyar da na so in ba Alhaji, a ɗakina ta kwana.

Da na natsu sai na ga Alhaji ba shi da laifi, yaron ma ba shi da laifi. Ku tsaya ku duba abin da Alhaji ya je gani. Ba kabarin Ertugrul ya je ba, wannan yana wani gari daban da ake kira Sogut. Ba fadar sarakunan Usmaniyya ta kai shi Riva ba. Katako ya je gani, da fata, da tantunan da kafintoci suka kafa don kyamara. Duk abin da ke wurin ni na girme shi. Shirin kansa a watan Disamba na 2014 tashar TRT ta gwamnatin Turkiyya ta fara nuna shi, aka gama a 2019, zango biyar, kashi 150. Kuma masana tarihin Turkiyya da kansu za su gaya maka abin da aka tabbatar game da ainihin Ertugrul kaɗan ne ƙwarai. Cikin 'yan hujjojin akwai wani tsabar kuɗi da aka buga da sunan Usman ɗan Ertugrul. Saura kuwa, yaƙe-yaƙen da makircin da soyayyar da suka hana mu barci, Mehmet Bozdag da marubutansa ne suka zauna suka tsara.

Amma da wannan ɗan guntun tarihi suka mamaye duniyar Musulmi. A Pakistan firaministansu na lokacin, Imran Khan, da bakinsa ya ce a kalla, tashar gwamnati ta fara nuna shi da harshen Urdu a azumin 2020. A nan wurinmu kuwa kowa shaida ne: fassarar Hausa ta shiga kowane shagon masu tura fim a waya, daga Daura har Zango, har Damagaram.

Abin da na gano shi ne, ƙafa ba ta zuwa inda zuciya ba ta riga ta je ba. Zuciyar Alhaji ta shekara tana kwana a tantin Kayi kafin ya sayi tikiti. Labari ne ya ja shi, jirgi ɗaukarsa kawai ya yi. Mu kuma mun zauna muna jiran baƙi su zo Kusugu alhali ba mu aika labarin ya je ya kira su ba.

Kada a ce wannan abin Turkiyya ne kaɗai. Mu zo Afirka. A Maroko akwai wani tsohon gari, Ait Ben Haddu, a kan tsohuwar hanyar fatake tsakanin Sahara da Marrakesh. Da me aka gina shi? Da jar ƙasa. Laka da ciyawa, irin wadda kakanninmu suka yi soro da zaure da ita. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. A nan aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Gladiator da ya fito a 2000, a nan aka ɗauki wani yanki na Game of Thrones. Yau mutanen wurin suna cin abinci da masauki, da jagorancin baƙi, da sayar da darduma da shayi. A garin Warzazat da ke kusa akwai manyan wuraren ɗaukar fim, talakawan gari suna samun aikin fitowa a cikin taron jama'a, masu raƙuma da dawaki suna ba da haya. A Turai kuma birnin Dubrovnik na ƙasar Kuroshiya, wanda ya fito a matsayin babban birnin sarauta a Game of Thrones, baƙi sun yi masa yawa har hukumar birnin ta rage yawan jiragen ruwan da ke sauke mutane a rana.

Su laka ta zame musu arziki. Mu kuwa da zarar ɗan gida ya samu kuɗi, abin da zai fara yi shi ne ya rushe zauren kakansa, ya dasa bulo, ya manna tayil, ya kafa ƙofar ƙarfe mai ruwan gwal. Mun ɗauki ginin ƙasa alamar talauci. Maginan da suka iya daurin guga da zanen bango suna tsufa suna mutuwa, 'ya'yansu sun koma acaɓa. Ranar da za mu farga mu ce a zo a ɗauki fim ɗin tarihi, sai dai a kafa mana na katako kamar na Riva, don na gaskiyar mun riga mun kwashe shi mun cike kududdufi.

Yanzu ku dubi abin da Allah Ya ajiye mana a Daura, ku dube shi da idon mai rubuta shiri. Gari ne da mata suka yi ta mulkinsa, Magajiya bayan Magajiya, aka taso daga Tsohon Birni aka kafa sabon mazauni. Ga rijiya ɗaya tal, a ciki akwai maciji da ake kira Sarki, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ga baƙo ɗan sarauta da ya baro Bagadaza, ya zauna a Borno ya auri 'yar Mai, aka ƙulla masa makirci ya gudu, ya bar matarsa da ciki a Garun Gabas wajen Haɗeja, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ta ce babu. Ya ɗauki guga ya nufi rijiya. Gari ya waye, ga maciji ba kai, Daurama ta yi alkawarin rabin gari, sai ga maƙaryata sun yi layi kowa na cewa shi ne. Daga nan ga aure, ga ƙwarƙwara Bagwariya, ga 'ya'ya biyu, Karɓagari da Bawo, waɗanda sunayensu kaɗai sun isa su gaya maka irin kishin da aka sha a gidan. Ga jikoki sun watsu sun riƙe Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, ga Biram ta cika bakwai.

Don Allah me ya rage? Akwai gudun hijira, akwai cin amana, akwai jarumta, akwai ban dariya, akwai rikicin gado. Kuma kowane zango yana da garin da zai ja wa baƙi: Gaya, Garun Gabas, Rano, Tsohon Birni.

In ma an ce a bar zamanin da ba a rubuta ba, to ga na kusa. Yadda jihadi ya iso Daura a farkon ƙarni na 19, Sarki Gwari Abdu ya fita, gidan sarauta ya rabu, wasu a Zango wasu a Ɓaure. Yadda Turawan Ingila da na Faransa suka ja layi suka raba ƙasa ɗaya da dangi ɗaya gida biyu. Yadda aka dawo da Malam Musa daga Zango ya hau gadon kakanninsa. Mulkin Sarki Abdurrahman na sama da shekara 50, da na Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007. Wani masani ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, ya zo ya zauna da dattawanmu, ya wallafa littafi guda mai kauri a kan sha'anin mulkin Daura a 1978. Mu nawa ne muka taɓa buɗe shi? Ni ma da nake wannan surutu sai da na kai aji uku a jami'a na san da shi.

Ga Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. Ga hawan Magajiya. Ga dawaki da kayan doki, ga 'yan lifidi, ga masu kakaki da algaita. Ga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, in raƙuma ɗari kake so a fim za ka samu. Ga dukawa, ga majema, ga maƙera, ga masaƙa. Abin da Turkawa suka kashe maƙudan kuɗi suka ƙirƙira, mu a raye yake yana yawo a kan titi.

Rijiya dai ta ba da ruwa. To waye gugan da ya hana?

Guga na farko mu ne, ma'aikatan gwamnati, kuma da kaina na fara. Shekara 18 ina aiki. Na halarci taron bita a kan bunƙasa yawon buɗe ido ya fi a ƙirga. An taɓa sa ni cikin wani kwamiti, ba zan faɗi ko na wace ma'aikata ba ne. Muka kwana uku a otal, aka ci kaji, aka raba jaka da biro, aka karɓi alawus. Muka rubuta rahoto mai shafi 40, kalmar "Kusugu" ta fito a ciki sau da yawa, amma cikinmu babu wanda ya taka ya je rijiyar a kwanakin nan uku. Da na kawo shawarar a gayyato marubuta da masu shirya fim, wani babba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, muna maganar gwamnati kana kawo mana 'yan wasan kwaikwayo?" Rahoton yana nan cikin kabad, gara ta fara karanta shi. A wurinmu yawon buɗe ido shi ne kalanda mai hoton doki da rumfa a bikin baje koli. Mun iya gina katanga da gyet, ba mu iya ba mutum dalilin shiga ba.

Guga na biyu 'yan Kannywood ne, kuma ina faɗa da girmamawa. Kun nuna kun iya riƙe mutane. Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Labarina, Izzar So, Gidan Badamasi, duk mun ga yadda gida ke yin tsit in lokacinsu ya yi. Mai Izzar So ma ɗan jiharmu ne, daga Bakori. Amma ku faɗa min gaskiya: a yawancin shirye-shiryen da ake yi yanzu, ina ne wurin da mai kallo zai ce "ina son in je can"? Falo ne da kujerun alfarma, ofis ne mai gilashi, mota ce mai baƙin gilas. Gidan haya ɗaya sai ya fito a shiri biyar. In an cire harshen, ba ka sanin Kano ce ko Abuja ko Dubai. Kun ba mu mutane da muke so, ba ku ba mu ƙasa da za mu so ba. Har sai da wani darakta daga kudu, Izu Ojukwu, ya yi fim ɗin Sarauniya Amina aka sa a Netflix a 2021, da Turanci, muka zauna muna ƙorafin an ɓata mana tarihi. To wa ya riƙe hannunmu?

Na san amsarku: ba kuɗi, kuma in kun fito titi da kyamara sai a kore ku, wani lokacin har da jifa. Gaskiyarku ne. Wannan ya kawo ni guga na uku.

A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji a Kano, kuɗin da aka ambata wajen naira biliyan 3. Aka yi ca, a mumbari da rediyo da nan dandalin. Cikin 'yan kwanaki aka janye maganar. Ni ma a lokacin ina cikin masu murna, rubutuna yana nan, ban goge ba. Kuma ba na cewa malamanmu ba su da hujja. Halayen wasu 'yan fim ne suka jawo, kuma mutane na ganin ruwan sha da asibiti sun fi gaggawa. Amma yau kusan shekara goma, mu yi wa kanmu hisabi. Fim ya daina shiga gidajenmu? Tarbiyya ta gyaru? Abin da muka hana a yi a fili, inda za a sa ido a kafa doka, ya shigo ta TikTok ya zauna a ƙarƙashin filon 'ya'yanmu, ba mai tace shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, da yawa cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a 2016 su ne suka fi kowa kallon Ertugrul, har suna kafa hujja da shi a majalisa. To Malam, Allah gafarta, shi Ertugrul ɗin a ina aka ɗauke shi? A ƙauyen fim. Irin wanda muka ce ba ma so. Na Turkiyya halal har a biya jirgi a je ziyara, namu kuwa tun kafin a aza tubali an yanke masa hukunci.

Guga na huɗu masu kuɗinmu ne. Za a kashe miliyoyi a bikin 'ya, a ɗauko mawaƙa, a yi liƙi har ƙasa ta rufe. Ka je da maganar a ɗauki nauyin rubuta tarihin garinsu a mayar da shi shiri, sai a ce ka dawo bayan Sallah.

Na san abin da za a ce min, bari in rage muku wahala.

Za a ce labarin Bayajidda tatsuniya ce. Na sani, masana irin su marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe da nuna cewa ba za a ɗauke shi a matsayin asalin Hausawa ba, don akwai mutane da sarauta a ƙasar nan kafin kowane baƙo ya iso. Labarin da kansa ma ya faɗi haka: ai gari ya tarar, da sarauniya, da maƙera. Wannan muhawara ba ta rage komai ba, ƙari ta yi. A yi shirin, a rubuta a farkonsa cewa ruwayar baka ce, masana su fito su yi ta gardama a rediyo, yara su je su nemi littafi. Yanzu da ba a yi ba, wace gardamar ake yi? Yaro na ce maka Bawo mai gyaran babur ne.

Za a ce zuwa rijiya zai kawo shirka da camfi. Wanda zai sha ruwan Kusugu da wata niyya ta daban yana yi tun kafin a ƙirƙiri kyamara. Maganinsa ɗan jagora mai ilimi a bakin rijiyar, wanda zai ce wannan tarihi ne, ba wurin neman biyan buƙata ba. Jahilci ne ke haifar da camfi, kuma rufe baki ba ya kashe jahilci.

Za a ce baƙi za su ɓata mana gari. Wannan tsoro ne na gaskiya, ba na raina shi. A Amurka, a birnin Albuquerque, masu gidan da aka nuna a shirin Breaking Bad sai da suka kewaye gidansu da shingen ƙarfe saboda fitinar masu zuwa hoto. Mutanen Dubrovnik ma suna kuka da cunkoso da tsadar haya. Amma jama'a, mu da ko bas ɗaya ba ta tsaya mana ba, muna fargabar cunkoso? Kuma baƙin da nake magana ba Turawa masu gajeren wando ba ne. Bahaushen Kumasi ne da na Accra, da na Sudan, da na Kamaru, da ɗan Maraɗi da Damagaram da zai shigo ta Kongolam, da ɗan Kano da tafiyar awa biyu za ta kawo shi. Miliyoyin mutane ne da aka gaya musu tun suna yara cewa tushensu Daura. Doka kuwa mai gida ke kafa ta: ga irin shigar da za a yi, ga inda ba a shiga, ga lokacin sallah a ajiye kyamara.

Za a ce tsaro. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa a jiharmu. Amma mu da ke nan mun san ɓangaren Daura ya fi wasu sassan jihar kwanciyar hankali, alhamdu lillahi. Wanda ke Legas bai san haka ba, shi duk Katsina ɗaya ce a wurinsa, don labarin da yake ji ke nan. In ba mu ba da namu labarin ba, na 'yan bindiga ne kaɗai zai wakilce mu.

Za a ce ana fama da yunwa kana maganar fim. Ai saboda yunwar nake magana. Shiri ɗaya na tarihi yana buƙatar tela, da baduku, da maƙeri, da magini, da mai doki, da mai abinci, da direba, da mai lalle, da ɗaruruwan matasa da za su fito a matsayin dakaru. In ya karɓu, bayansa akwai masauki, da mai kilishi, da mai fura, da mai Keke Napep, da yaron da ya karanta tarihi a jami'a yake zaune a gida. Ba a ofis za a ɗauki 'ya'yanmu duka ba, ni da ke ciki na gaya muku, kujerun sun ƙare.

Abin da ya sa na ce maganar nan ta gaggawa ce shi ne wannan. Shekara takwas, daga 2015 zuwa 2023, Daura ba ta rasa baƙi ba. Kowace Sallah jerin gwanon motoci, gwamnoni da ministoci, otal ya cika, mai tsire ya yi ciniki. Ba don Kusugu suke zuwa ba, mun san don wa suke zuwa. Ranar 15 ga Yuli 2025 muka binne shi a gidansa, Allah Ya jiƙan Baba Buhari Ya gafarta masa. Duniya ta taru a ranar, ta watse. Yanzu sai mu tambayi kanmu: nan da shekara goma, me zai sa mutum ya karkato da motarsa ya shigo garin nan? An bar mana Jami'ar Sufuri, an bar mana kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai bi ta nan. Jirgi zai tsaya a tasha. Tambayar ita ce ko wani zai sauka, ko kuwa ta taga za a leƙo a sayi rake a wuce.

Ga roƙona, kuma ba na neman biliyan ko ɗaya.

Ga masarauta, Allah Ya ja zamanin Sarki, da gwamnatin jiha da Hukumar Tarihi da Al'adu: a bi unguwa-unguwa a rubuta tsofaffin zaurukan ƙasa da suka rage, a taimaka wa masu su da yaɓe duk shekara kafin damina, a haɗa tsofaffin magina da yaran da za su gaje su. A fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce, wadda fada da malamai da masu fim suka zauna suka amince da ita, domin mai son ɗaukar shiri a Daura ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da iyakar da ba zai tsallaka ba. A riƙa sanar da Sallar Gani da wuri, yadda na nesa zai shirya.

Ga attajiranmu: ku fara da rubutu, shi ya fi arha kuma shi ne ginshiƙi. A sa gasa, marubuta su kawo labari, masana tarihi da malamai su duba, a biya wanda ya ci kuɗin da zai zauna shekara yana aiki.

Ga 'yan fim: ku fito daga falo. Ko labarin soyayyar zamani ne, ku kawo shi bakin kasuwa, ku kawo shi ƙofar fada, ku ambaci sunan garin.

Ga malamanmu: ku shigo ciki ku gyara. Tsayawa a waje ana tsinuwa mun gwada shi, ga sakamakon a wayar 'ya'yanmu.

Ga ni da ku iyaye kuwa, namu ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ranar Asabar da ta wuce na kwashi yarana uku muka je Kusugu. Kafin mu fita na zaunar da su na ba su labarin tun daga Bagadaza, na yi muryar tsohuwa Ayana, na yi muryar maƙaryatan da suka ce su suka kashe macijin, suna ta dariya. Da muka isa, yaron nan mai Turgut da Bamsi ya leƙa rijiyar ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, a nan ya tsaya? Da dare? Shi kaɗai?" Na ce a nan aka ce ya tsaya. Sai ƙanwarsa 'yar shekara 7 ta ja min riga ta ce, "Baba, a wace tasha ake nuna shi? Ina son in ga Daurama."

Ban da amsar da zan ba ta. Wanda yake da ita a cikinku, ga fili ga mai doki.

Alhaji, na san za ka karanta. Ka yafe min na yi misali da kai. Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu zan biyo maka da safe, ka zo da hular gashin taka in kana so, ni zan ɗauke ka hoton kyauta.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gyara tun muna da sauran abin gyarawa.